Jar Taraktar da Ke Tsakar Gidanmu

Ranar da aka kawo ni gidan aure a Umbadda, wata unguwa ta Umdurman, abin da na fara gani ta ƙasan mayafi taya ce, wata ƙatuwar baƙar taya da ta kusa kai ni kafaɗa. Na ɗauka wani baƙon biki ne ya ajiye abin hawansa. Biki ya watse, na haifi 'ya'ya mata biyu a gidan, tarakta tana nan inda na same ta.

Ta surukina ce, mahaifin maigidana, wanda kowa ke kira Baba. Iyayensa sun baro ƙasar Hausa da ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a yankin Jazira, suka tsaya tsintar auduga. A cikin gonakin ya tashi, har ya zama direba. Wannan taraktar ya tuƙa wa wani mai gonaki tun gemunsa yana baƙi. Da injinta ya tsage a wata damina, mai ita ya ce a kai wa masu sayen tsohon ƙarfe, Baba ya roƙa a bar masa. A bayan lori aka kawo ta Umdurman, kuma sai da aka rushe gefen katanga sannan ta shiga gida.

Ba komai a cikinta. Wani makanike daga Bahri, can tsallaken kogi, ya kwashe duk abin da ke da sauran amfani a injin, ya bar ƙwarya. Baba ya mayar da murafen, ya ɗaure kowane noti a mazauninsa. Ya ɗora cikinta a kan jan bulo don kada nauyi ya kwantar da tayoyi, da rana ta fara tsattsaga robar kuma ya cika su da yashi da siminti. Ya kife gwangwanin tumatir a bakin salansa saboda ruwan sama, ya yi mata rakuba, irin rumfar tabarmar nan tamu. Kowace Juma'a kafin ya yi wanka sai ya wanke ta. Kafin Babbar Sallah yakan kankare duk inda tsatsa ta leƙo, ya bi da jan fenti, ya shafa wa tayoyin baƙin mai har su yi sheƙi. Da yamma a gindinta yake shimfiɗa darduma, in kai masa jabana, 'yar butar gahawa, ya sha gahawarsa yana jingine da ita.

Duk baƙon da ya shigo sai ya tambaya: "Ya hajj, tana tashi kuwa?"

Amsar Baba ɗaya ce. "Lafiyarta ƙalau. Jaz kawai take jira." Jaz shi ne man dizal a bakinmu.

Mu na cikin gida mun san gaskiya, amma ba wanda ya taɓa ko da gyaran murya. A gidan ba a ƙaryata babba a gaban mutane. Maigidana tela ne a kasuwa, mutum mai furfura a gemu, amma in Baba ya faɗi wannan magana sai ya sunkuyar da kai kamar ana karatu. Ni kuwa suruka, ko sunan Baba ban taɓa kamawa ba, ban taɓa cin abinci yana kallona ba. Kuma ban ga laifin maganar ba. Tsoho ne, abin da ya rage masa na Jazira ke nan, kuma ba ta cutar da kowa.

A ƙarshen wani azumi yaƙi ya ɓarke. Da farko daga tsallaken kogi muke jin ƙarar, muna cewa kafin Sallah za a gama. Sannan dana ta fara faɗowa a unguwarmu, wato harsashin manyan bindigogi. Ɗaya ta faɗa kan layin masu jiran burodi. Na je neman maƙwabciyata a wurin, na tarar ana tattara mutane a cikin barguna, wani ba kai, wata mata zaune tana riƙe da hanjinta da hannu biyu tana tambayar kowa ina takalminta. Na dawo gida na yi amai a bakin zir, randar ruwanmu, na wanke bakina, na dafa abinci, don yara suna jin yunwa.

Daga nan masu bindiga suka shigo unguwar suka zauna. Abin da suka fi nema shi ne duk wani abu mai taya. Mai raksha, babur mai ƙafa uku, da ke ƙarshen layinmu ya rungume sitiyarinsa ya ce da ita yake ciyar da marayun ɗan'uwansa. A wuya suka harbe shi, suka janye shi da ƙafa suka yar a kwata, suka tafi da rakshar jininsa yana ɗiga daga kujera. A fili kusa da gida aka binne shi, don hanyar maƙabarta ta rufe.

Mutane suka koyi dabara. Mai mota sai ya cire tayoyi, ya shafe ta da taɓo, ya kwance wani ƙaramin abu a inji ya binne a tsakar gida. Su ma masu bindigar suka gane dabarar. In suka murɗa mabuɗi mota ta ƙi, sai su kama mai gida da duka har ya nuna inda ya tona.

Baba kuwa bai fasa ba. Famfo ya ƙafe, ruwa sai na mai jaki, amma ranar Juma'a yakan jiƙa tsumma da ragowar ruwan alwalarsa ya goge ta tsaf. Wata rana maigidana ya tsuguna kusa da dardumarsa, ya ce a hankali, "Baba, na ga mutane suna ta shafe motocinsu da taɓo."

"Masu mota ke nan," in ji Baba.

Maganar ta tsaya nan. Maigidana ya fasa rami a katangar da ke tsakaninmu da maƙwabta, daidai wucewar mutum a durƙushe, ya jingina tsohon kwanon rufi a kai, saboda 'yan matanmu.

Bayan azahar suka zo. Ina jin motarsu ta tsaya na tura yaran ta ramin, na mayar da kwanon, na ja tob ɗina, mayafin nan namu, na rufe fuska. Ba su ƙwanƙwasa ba, harbin kwaɗon ƙofa suka yi. Su huɗu ne. Babbansu bai kai maigidana shekaru ba, ya naɗe fuskarsa da rawani, yana riƙe da bulala. Akwai wani dogo da ya ce ya taɓa tuƙa tarakta a garinsu. Ta saman katanga suka hango jan fentin, kuma suna neman abin da zai riƙa ja musu tankin ruwa.

Babban ya zagaya ta, ya shafa murfin injin, ya duba tafin hannunsa bai ga ƙura ba. Ya ce da Larabci, "Ma sha Allah. Ya hajj, tana tashi?"

"Lafiyarta ƙalau. Jaz kawai take jira."

Ina kallon fuskar Baba lokacin. Maganar ta fito ne kamar yadda amsa sallama ke fitowa, kafin ya san ta fito. Na ga idanunsa sun buɗe. Amma ya riga ya faɗa, a gaban mutane, kuma a gaban ɗansa.

"Jaz muna da shi," in ji babban. "Mabuɗi."

Maigidana ya matso. "Ya akhi, ba ta da batir."

Suka ciro na motarsu.

"Ta daɗe a tsaye," in ji shi. "Tsohuwa ce ƙwarai. Ba za ta yi muku amfani ba."

"Kai ne mai ita ko tsohon?"

Maigidana ya ja da baya. Baba ya sa hannu a aljihun jallabiyarsa ya fito da mabuɗin a ɗaure jikin carbinsa. Suka juye jarkar mai a tanki. Dogon ya hau, ya haɗa wayoyi, ya murɗa. Ko ƙyas. Ya sake murɗawa, ya sauko, ya bi wayar da yatsa, ya ce, "An kwance wani abu. Irin aikinsu ne."

Babban bai ko dubi Baba ba. Maigidana ya juya wa. "Ina ka binne?"

"Wallahi ban binne komai ba."

Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Bulala ta farko a fuska ta same shi, ta raba masa gira. Biyu suka kayar da shi, suka yage masa riga, suka ɗaure hannayensa a jikin ƙarfen gaba na taraktar. Babban ya yi ta zabga masa har bulalar ta jiƙe, in ya ɗaga ta sai jini ya fantsama a jan fentin, ba a gane shi sai in ya gangaro ƙasa. Ɗayan ya ɗauki tiyon ruwanmu ya kama ƙafafu. Kowane duka da tambayarsa, ina ka binne, ina ka binne. Shi kuma ba abin da yake cewa sai "Ya Allah."

Na ce masa da Hausa, "Malam, faɗa musu mana. Don Allah faɗa musu."

Wani ya juyo ya kwaɗa mini mari har na zauna. "Da wane yare kuke ƙulle-ƙulle? Larabci za ku yi a nan!" Ya ga 'yan kunnena, ya fizge su ba tare da ya kwance ba. Na ji ɗumi yana bin wuyana, amma zafin sai daga baya ya zo.

Suka tona gindin bishiyar lemun tsami, suka tona bayan kicin, suka kifar da zir, ruwan da muke tattali ya bi ƙasa. Ba su sami komai ba. Wanda ya shiga ɗaki ya fito da keken ɗinki a kafaɗa. Babban ya ga keken, ya dubi maigidana.

"Au, tela ne kai?"

Ya sa aka kwance hannunsa na dama, aka shimfiɗa shi a kan matakalar ƙarfe da ake takawa a hau taraktar. Ya juya bindigarsa ya sauke gindinta a kan yatsun. Na ji ƙarar ƙashi. Ya sake. Maigidana ya yi wani kuka da ban taɓa ji daga bakin mutum ba, fitsari ya jiƙa wandonsa. Na san 'ya'yana suna bayan katanga suna ji.

Na dubi Baba. Yana tsaye inda yake tun farko, taku kaɗan daga ɗansa. Leɓunansa suna motsi, bakinsa yana buɗewa yana rufewa, ba sauti. Na jira shi. Allah ne shaidata, na jira shi. Maigidana ma shi yake kallo da idon da bai rufe da jini ba. Da ya juyo da idon kaina, sai ya girgiza mini kai kaɗan, wai kada in yi.

Babban ya gaji. Ya share gumi da rawaninsa, ya ɗana bindiga, ya manna bakinta a bayan kunnen maigidana. "Tsoho, kana da wani ɗan ban da wannan?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Tob ɗina ya zame, kaina a buɗe a gaban surukina da ƙattin maza, na yi ihu da Larabci: "Matacciya ce! Ba komai a cikinta, ba ta taɓa tashi a gidan nan ba! Ƙarya ce, tun kafin a kawo ni gidan nan ƙarya ce! Ku buɗe ku gani!"

Babban bai ɗauke bindigar ba, ya dai yi wa dogon alama da haɓa. Dogon ya kawo sifana daga motarsu. Notocin sun sha fenti shekara da shekaru, sai da ya taka sifanar da ƙafa. Duk tsawon lokacin bakin bindiga yana kunnen mijina, ni kuma ina ta maimaita Hasbunallahu wa ni'imal wakil har harshena ya bushe. Murfin ya ɗago. Ciki rami ne baƙi, cike da gidajen zanzaro, wani ƙadangare ya fito a guje ya bi hannun dogon. Ya zura hannu har gwiwa bai taɓa komai ba. Ya zaro wuƙa ya soki babbar tayar, wuƙar ta yi ƙara ta tanƙware, garin siminti ya zubo.

Dogon ya fashe da dariya. "Siminti! Wallahi siminti ya ɗura mata!"

Babban bai yi dariya ba. Ya ɗauke bindigar daga kan maigidana, ya tako gaban Baba.

"Ka tsaya kana kallo ina karya ɗanka a kan gwangwani?"

Baba ya sunkuyar da kai.

"Da furfurarka. Da carbinka. Ce ƙarya na yi."



Ya doke rawanin Baba ya faɗi ƙasa, ya buga masa gindin bindiga a baki. Baba ya durƙushe, ya tofar da jini da haƙora a kan dardumarsa. "Ce ƙarya na yi!" Ya sa ƙafa ya taka masa wuya har goshinsa ya taɓa ƙasa. Daga can ƙasa muka ji muryar, siririya kamar ta mara lafiya: "Ƙarya na yi."

"Ban ji ba."

"Ƙarya na yi."

Man da suka zuba ya riga ya fara yoyo ta ƙasan tankin, don tsatsa ta cinye shi ta ciki inda fenti ba ya kaiwa. Babban ya ga man nasu yana bin ƙasa, ya zagi uwar kowa, ya ce a cire batir. Ya ƙyasta ashana ya cinna wa rakubar. Tabarmar ta kama nan take, ta rufto kan taraktar. Suka ɗauki keken ɗinki da wayoyinmu da buhun garin da ya rage, suka fita suna harbi sama.

Hannun hagu na maigidana yana ɗaure a jikin ƙarfen. Na yi ta jan igiyar da farce ta ƙi, wuta tana faɗo mana a ka. Na ruga kicin na ɗauko wuƙar albasa na yanke, na ja shi da ƙafafu, kamar yadda na ga an ja mai raksha. Maƙwabta suka shigo ta ramin katanga da kwanonin yashi. Rakubar ta mutu da wuri, amma tayoyin sai da suka yini suna ci, baƙin hayaƙi yana shiga mana ɗaki, fentin yana kumbura yana fashewa.

Wani maƙwabci da ya iya ɗori ya ɗaure hannun da kara. Ya ce in ya fara wari mu nemi likita ko ta halin ƙaƙa. Ya kuwa fara. Zazzaɓi ya rufe shi, yatsun suka yi baƙi. Muka sami mai karo, amalanken jaki, da ya yarda ya kai mu can arewacin Umdurman inda aka ce akwai asibitin da ke aiki.

Tun ranar Baba bai yi magana da kowa ba. Bakinsa ya kumbura, amma na san ba kumburin ba ne kawai. In na kai masa kunu sai ya juya fuska ga bango, sai na fita ya sha. Da safen da za mu tafi na yi zaton zai ce shi ba inda za shi. Sai ga shi ya fito da sandarsa, bai waiwayi tsakar gida ba, ya ƙi hawa karon, ya kama gefensa yana tafiya da ƙafa.

Muka wuce shingaye, a kowanne sai an sauke mu an bincike mu, an tambayi wa ya yi wa wannan haka, mu ce katanga ce ta faɗo masa. Gawawwaki a gefen hanya sun kumbura, karnuka ba sa ko gudu. Na rufe wa ƙaramar 'yata ido da tafin hannuna, babbar ta ce in bar ta, ta riga ta gani.

Kan maigidana yana kan cinyata. A wani wuri da zazzaɓin ya ɗan sake shi, ya buɗe ido ya ce da ni a hankali, "Ba ke ya kamata ki faɗa ba."

"To wa zai faɗa?"

"Ba a gaban mutane ba."

"Waɗancan ne mutane, Malam? Bindiga tana kunnenka."

"Ubana ne."

Hawayena suna zuba a kan rigarsa. Ina tsammanin ƙarar ƙafar karo ta rufe maganarmu. Ashe Baba yana ji. Bai juyo ba, yana kallon hanya, ya yi magana da bakin da ba haƙora, sai da na kasa kunne sannan na gane.

"Rabu da ita. Ni na buɗe baki, abin ya ƙi fitowa. Da ta jira ni, da yanzu kai muke ɗauke da shi zuwa filin da aka binne mai raksha."

Maigidana ya rufe ido. Baba ya ci gaba da tafiya, hannunsa a gefen karon, kusa da ƙafar ɗansa amma bai taɓa ta ba.

A asibitin ba gado, a ƙasan baranda aka kwantar da shi cikin masu raunin dana. Likitan ya kwance ɗorin, ya kau da kai saboda wari, ya ce yatsu uku za su tafi, kuma allurar kashe zafi ta ƙare, sai an riƙe shi. Ya dube ni, ya dubi tsohon, ya tambaya ko muna da wani namiji mai ƙarfi. Baba ya jingina sandarsa da bango, ya zauna a ƙasa, ya ɗora kan ɗansa a ƙirjinsa ya rungume shi ta baya. Ya ce da ni, "'Yata, fitar da yaran waje."

Na fitar da su. Muka zauna a gindin katangar asibitin, na toshe wa ƙaramar kunnuwa, babbar ta toshe nata da kanta.